Taga a Jikin Kwantenar Baba

"To faɗa min, wannan mene ne?" Yaya ta ɗaga abin da yatsu biyu, kamar wadda ta tsamo ƙadangare daga randa. "Naman kaza ka ce mana za ka noma. Wannan kuwa igiyar takalmi ce."

Auta bai ɗago ba. Ya ci gaba da feshin ruwa a jikin ledojin da ke jere a kan kantoci, ya ce mata ta ja ƙofa da kyau, sanyi yana fita. Ta ce ta ja. Ya ce ba ta ja ba, yana jin iskar waje a ƙeyarsa. Ya ratsa ta gefenta, ya danna ƙofar da kafaɗa har robar bakinta ta kama, sannan ya dawo ya ɗauki abin feshinsa.

A cikin kwantenar Babansu suke, wadda ke girke a ƙofar gida tun kafin a haifi Auta. A nan Baba ya yi sana'arsa ta gyaran firji da esi, na'urar sanyaya ɗaki, har ƙarfinsa ya ƙare, bara kuma Allah ya yi masa rasuwa. Kayan aikin an raba wa yaran shago. Kwantenar ce ta rage, sai Auta ya share ta, ya kafa kantoci, ya cika su da ledojin garin katako.

Irin naman kazan da ya sayo, wato laimar kwaɗin da ake ci, fari ne, mai fitowa gungu-gungu, kowane da faffaɗar hula kamar kunne, wani bisa wani. Haka yake a hotunan waya. Nasa kuwa sai ƙafa, doguwa siririya, da ɗan kai a sama wanda bai fi kan ashana ba. Zubin farko haka ya ba shi. Wannan na biyu ma ya biyo sawu.

Yaya ta jefar da na hannunta, ta goge yatsu a gefen mayafi. Ita ce babba, ita ta goya shi, shi ya sa har yau ba ta iya yi masa magana sai da tsawa a ciki. Ta ce mai ƙanƙarar ƙarshen layi ya sake zuwa wurin Umma. Yana son kwantenar, zai kawo mota mai ƙugiya ta ɗauke ta. Ta ce mijinta kuma ya gaji da ajiye masa gurbi a shagon tayoyi, tun da ya gama sakandare ake lallashinsa kamar ɗan sarki. Ta ce esin nan yana shan wuta dare da rana, ana sanyaya wa ciyawa jiki, Umma tana fifita da kwali a ɗaki.

"Mutumin ya ce ko ƙusa ba zai zare ba," in ji ta, muryarta ta ɗan sauka. "Yadda Baba ya bar ta, haka za ta zauna."

"A ƙofar gidan wani."

"Da ta ruɓe a ƙofar gidanmu fa?"

Ya juya ya ci gaba da feshinsa. Ta yi hamma, ta dafe goshi, ta ce wurin nan kullum sai ya sa mata ciwon kai, ko don ganin fuskarsa ne oho. Ta nuna ledojin da ya lulluɓe a can ƙurya, zubi na uku, waɗanda bai riga ya tsaga ba. Ta ce in su ma igiya suka haifa, ita da kanta za ta kira motar, kuma ya sani ba ta faɗa ta fasa. Da za ta fita ta bar ƙofar a buɗe da gangan. Ya bi bayanta ya rufe.

Ya zauna a kan bokiti. Esi yana ta gurnaninsa.

Duk wanda ya shigo kwantenar nan karon farko sai ya tsaya kallon bango. Baba bai sayi soson tare zafi ko falle ɗaya ba. Da ƙofofin matattun firji ya lulluɓe cikinta, bango da rufi, ya cire musu mariƙi, ya jera su kamar facin riga, ya bi kowace tsaga da gam. Akwai fari, akwai ruwan toka, akwai mai ruwan ƙwai. Kuma kowace ƙofa ya san mai ita. Wannan ta matar likita ce, wadda ta rantse ba ta taɓa soka wuƙa a cikin firjinta ba, alhali ga ramin wuƙar. Waccan ta mai shayi ce, ita ce kyankyasai suka mayar gidan haya. Ta kusa da makunnin wuta ta wani malamin makaranta ce, da ya kawo gyara ya yi tafiya bai sake waiwayowa ba. In Baba yana cikin nishaɗi sai ya bi su da bakin sukundireba yana ba da tarihinsu, kamar mai karanto sunayen kakanni.

A duk layin babu wuri mai sanyin nan. In rana ta take, kwalta ta fara kama takalmi, Auta da Yaya sukan dawo daga makaranta su zarce nan ko kayan makaranta ba su cire ba. Baba ya shimfiɗa musu kwalin sabon firji a ƙasa, su kwanta rub da ciki suna aikin gida, shi yana tsugune a bayan wani inji, da tocila a baki. Wani lokaci ya miƙo musu ƙanƙara daga firjin da yake gwadawa, ya ce su tsotsa su gaya masa ko ta yi. Yaya takan ce ba ta yi ba, don a ƙara mata.

Baba yana da magana ɗaya da yaran shago suka haddace har suna kwaikwayonsa a bayan ido. Yakan ce sanyi baƙo ne mai son tafiya, in ka bar masa ko kafar allura sai ka nemi takalminsa ka rasa. In ya gama sa wa firji roba, sai ya maƙale takarda a bakin ƙofar ya rufe, ya ja. In ta zamo da sauƙi, a sake aiki. Ita kwantenar kuwa, duk shekara kafin zafi ya shigo yana da yadda yake gwada ta. Da tsakar rana zai sa Auta a ciki, ya kashe fitila, ya rufe ƙofa. Duhu ya yi duhu, har yaro ba ya ganin hannunsa. Can sai ido ya saba, sai ka fara ganin ɗigon haske nan da can, ƙanana kamar taurari. Aikin Auta shi ne ya je ya ƙwanƙwasa daidai wurin. Baba yana waje da gwangwanin gam, yana bin sautin. Sai ka ga tauraron ya mutu. Haka za su yi ta yi har duhun ya cika, babu ko ɗigo. Sannan ƙofa ta buɗe, Baba ya tsaya a cikin hasken yana dariya, ya ce, "Injiniya, an gama?"

Babu wanda ya sake kiransa da sunan nan.

Da ya yanke shawarar noman naman kaza, abin da ya fara yi ke nan. Ya shiga ya rufe kansa da rana tsaka, ya sami ɗigo biyu-uku da tsatsa ta ɓula tun bayan kwanciyar Baba, ya yi musu alama da alli, ya fita ya toshe. Ya canja robar ƙofa, ya gwada ta da takarda. A ransa ya ce, zafi ne ke kashe wa mutane wannan noman a ƙasa irin tamu, ni kuwa na gaji maganin zafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sauran aikin a waya ya koya, da bakin wata mata mai sayar da iri a wani gari, wadda bai taɓa gani ba sai muryarta. Ya ɗebo garin katako a wurin masu yankan katako, ya gauraya da dusa da 'yar farar ƙasa, ya jiƙa har in ka damƙa ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. Ya cusa a leda, ya turara a duro yini guda, hayaƙi na cin idonsa, maƙwabta na tambaya ko biki ake yi ba a gaya musu ba. Da suka huce ya wanke hannu kamar mai shirin tiyata, ya zuba iri, ya ɗaure. Farin zare ya bi garin katakon ya cinye shi tas, babu koriyar fumfuna ko a leda ɗaya. Matar ta ce hannunsa yana da kyau. Ya tsaga ledojin, ya kunna fitila, ya sa fanka tana juya iska, yana feshi safe da yamma. Ba ya shiga sai dole, in ya shiga ba ya daɗewa, in zai fita kamar ɓarawo yake zamewa don kada ƙofa ta jima a buɗe. Duk abin da aka ce ya yi. Sai ga igiyar takalmi.

Yana zaune a kan bokitin nan idonsa ya sauka a kan leda ta farko, wadda ke dab da ƙofa a kanta ta ƙasa. Ya sha ganinta, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Gungun da ke jikinta yana da hula. Ba babba ba, amma hula ce, mai lanƙwasa, da layi-layi a ƙarƙashi. Ta kusa da ita ma da ɗan dama-dama. Ya tashi ya bi kantar yana tafiya ciki. Kowane taku, ƙafa na ƙara tsawo, kai na ƙara ƙanƙancewa. A can ƙurya, inda ya fi ko'ina sanyi, inda ya fi alfahari da shi, sun zama kamar yatsun mai neman ceto, duk sun karkato wajen ƙofa.

Ya ɗauki hoto biyu, na bakin ƙofa da na ƙurya, ya tura wa mai iri. A baya hoton farin zare kawai yake tura mata, kunya ba ta bar shi ya nuna mata girbin ba. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo. Dariya ta fara yi, sannan ta nemi afuwa, sannan ta tambaye shi ina tagoginsa. Ta ce abin nan numfashi yake yi kamar shi, yana shaƙa yana fitarwa, in iskar da ya fitar ta taru masa sai ya yi ta miƙa wuya yana neman sabuwa. Ta ce fanka ba ta haifar iska, tsohuwar take kaɗawa. Dole ya huda wuri biyu, ɗaya a sama kusa da ƙofa, ɗaya a ƙasa can ƙurya, ya sa raga saboda ƙudaje, ya sa 'yar fanka mai zuƙe iskar ciki ta fitar waje. "Ƙanena," in ji ta, "ka shaƙe su ne kawai."

Ya saurara sau ɗaya ya kashe wayar. Esi ba ya jawo iskar waje, ta cikin ɗaki yake juyawa. Wannan ya san shi tun bai iya ɗaure wando ba.

Bai yarda nan take ba. Ya gwada barin ƙofa a ɗan buɗe, ya tokare ta da dutse. Kafin la'asar zafin titi ya shigo ya zauna, esi ya yi ta ihu ba ya hutawa, gefen hulunan bakin ƙofa ya bushe ya tsattsage, ƙananan ƙudaje suka sami gida. Ƙurya kuwa ko a jikinta. Ya gwada buɗewa da rufewa lokaci-lokaci, ya wuni yana safa da marwa kamar mai gadin banki. Bai ga wani canji ba. Ledojin zubi na uku kuma sun yi fari fat, sun fara turo ƙuraje ta ƙarƙashin leda, ba za su jira shi ya gama tunani ba.

Ya sani in ya huda, mai ƙanƙara ba zai ko kalle ta ba. Wa zai sayi randa mai ɓuli? Za ta zauna a ƙofar gidansu, amma ba za ta sake zama abin da Baba ya yi ba. In kuma bai huda ba, mota za ta zo ta ɗauke ta lafiya lau, ba ƙwarzane, ya riƙa wucewa ta ƙarshen layi yana hango ta da kwaɗon wani.

Ya sami Umma a inuwar baranda tana ninke wanki. Tun rasuwar ba ta taka cikin kwantenar ba, in za ta fita unguwa ma ta ɗaya gefen take bi. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗauki zani ya kama mata gefe. Ya faɗa mata komai a taƙaice, yana kallon zanin.

Ta haɗa gefen zanin da na hannunsa. Sannan ta ce ai Babansu kusan kullum da ciwon kai yake shigowa gida. Yakan zauna a nan inda Auta yake zaune, ya ce a ba shi magani da ruwa, ya ce masu kawo gyara ne suka cika shi da surutu. Ranar da ciniki ya yi yawa, ana shiga ana fita, ƙofa ba ta hutawa, ranar lafiya yake dawowa har da tsokana. Ranar da babu kowa, ya kulle kansa shi kaɗai yana kwance inji, ranar ce yake dawowa ido ja. Ta ce ta taɓa ce masa ya yanka 'yar taga. Ya dube ta kamar ta ce ya yanka ɗansa.

Auta bai san wannan ba. Shi dariyar kawai yake tunawa, da ƙanƙarar.

Ya tambaye ta me take so a yi.

"Ni ba ƙarfe na aura ba, Auta." Ta karɓi zanin ta ɗora a kan sauran. "Abin da Babanka yake tsarewa a sanyi, nama ne da kifi da ruwa. Ba su taɓa ce masa suna son numfashi ba."

Ya jira ko za ta ƙara. Ta ce ya miƙo mata kwandon can.

Washegari da hantsi ya tsallaka titi wurin mai walda, tsohon abokin Baba, wanda suke kira Kawu duk da ba su haɗa jini ba. Shi ya girke kwantenar tun farko, shi ya ɗora mata ƙofar. Da ya ji abin da ke tafe da yaron sai ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya ƙare masa kallo. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon mutumin nan ya bar shi ya fasa masa taga kyauta, ya ƙi, yau ga ɗansa ya zo da ƙafarsa saboda laimar kwaɗi. Ya ce in Baban ya zo masa a mafarki, zai ce shi ɗan aike ne. Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta ƙare da tari. Sai ya tambaya ko yayarsa ta sani. Auta ya ce za ta sani.

Suka kashe esi. Suka kwashe ledojin suka kai ɗakin Auta, suka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu saboda tartsatsi da ƙura. Ramin sama bai ba su wahala ba. Kawu ya hau duro daga waje, ya zana murabba'i da alli, ya kunna injin yankan ƙarfe. Ƙarar ta cika layin, yara suka taru daga nesa. Ƙofar wani farin firji ce ta faɗa a wurin, Auta bai ma tuna ta wane ne ba, ya ji daɗin hakan.

Na ƙasa sai da suka janye tsohon teburin aikin Baba, wanda ke manne da bangon ƙurya tun Auta yana firamare. Shi kansa da ya kafa kantoci kewaye shi ya yi, bai motsa shi ba. Teburin ya yi ƙara, ya bar sawun ƙafafunsa a ƙasa. A bayansa, a ƙasa, akwai wata 'yar ƙofar firji koriya, ƙarama, fentinta ya koɗe. A jikinta an manna hotunan ƙwallo da furanni irin waɗanda ake samu a cikin cingam, wasu a karkace, wasu an ɓare rabi. Daga sama furanni ne a jere, an daidaita su. Daga ƙasa, iya inda hannun ƙaramin yaro zai kai, 'yan ƙwallo ne, ɗaya ma kansa a ƙasa.

Firjin gidansu ne na farko, shi da Yaya suka manna masa hotunan nan suna yara. Auta ya ɗauka tun tuni aka sayar wa masu gwangwan.

Kawu ya tsuguna ya duba, ya ƙwanƙwasa bangon hagu da dama. Ya ce ginshiƙi ne a nan, ginshiƙi ne a nan, in ana son rami a ƙasa a ƙurya to ba shi da wurin faɗawa sai tsakiyar koriyar. Ya ce ko a ɓamɓare ta gaba ɗaya ba zai yiwu ba, gam ɗin mutumin nan sai dai ya taho da bangon. Ya miƙo allin, bai dubi Auta ba.

Auta ya karɓa. Ya durƙusa. Ya auna da tafin hannu, ya ja layi huɗu, allin yana tsalle a kan hotunan.

Ana cikin yankan Yaya ta iso. Ƙarar ta jiyo tun daga bakin titi, ta shigo da saurinta da maganarta a baki, ta tarar da teburin a tsakiyar ɗaki, ƙanenta a tsaye, hayaƙin soso na tashi daga ƙurya. Ta buɗe baki. Sai idonta ya kai kan koriyar ƙofar. Ta matso, ta sunkuya, ta dafa gwiwa. Ta tsura wa furannin ido. Umma ma ta fito, ta tsaya daga bakin ƙofar kwantenar, ƙafa ɗaya a kan dakali, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Injin ya yi shiru. Kawu ya buga da guduma daga waje, guntun ya faɗo ciki, ya yi 'yar rawa a ƙasa ya kwanta. Iska mai zafi ta biyo ramin, da ƙarar babura, da muryar wata mai talla. Ta taɓa idon sawun Auta.

Kawu ya zagayo yana share gumi da hula. Ya ɗauki guntun da tsumma don gefensa da zafi, ya juya shi, ƙarfe a baya, soso a tsakiya, fure ɗaya da rabin ɗan ƙwallo a gaba. Ya dubi Yaya, ya dubi Auta, ya leƙa wajen Umma.

"Wannan fa," in ji shi, "in haɗa da tarkace, ko akwai mai so?"